Ƙugiyar da Ban Sa Ba

Akwai wata ƙugiya da ya kamata in sa wa harafi ɗaya shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ban sa ba. Tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Saboda ita wani mutum ya fita daga gidansa da silifa a ƙafa, bai sake komowa ba, kuma har yau ban gaya wa kowa ba, har da matar da ta haifa mini 'ya'ya huɗu.

Na zaɓi in rubuta wannan a nan, tsakanin labaran 'yan mata da samarinsu, domin na san wanda aka ɗora wa duba shafin nan a ofishinmu. Layin farko-farko kawai yake lasa, da ya ga kalmar so sai ya yi hamma ya wuce. Saboda haka: masoyiyata, hasken idona, sanyin zuciyata. To, ya wuce. Ku matso kusa.

Ina aiki a wurin da mutanen gari ke kira Gidan Almakashi, in sun tabbata babu mai jinsu. Duk littafin da za a buga sai ya bi ta hannunmu. Ɗakina yana hawa na uku, tagarsa an shafe ta da farin fenti, fankar sama tana juyawa da ƙara kamar tana ƙorafi. A kan teburina alƙalami biyu ne, ja da kore. In na sa hannu da ja, a kira marubucin zuwa ɗakin da ke can ƙarƙashin bene, inda ake shiga da ƙafa, fitowa kuwa sai yadda ta yiwu. In na sa da kore, littafi ya fita. Amma dokar gidan ita ce, in daga baya aka hango laifi a cikinsa, mai koren alƙalamin ake nema, ba marubucin ba. Shi ya sa jan alƙalamina ke ƙarewa duk wata biyu, koren kuwa tun bara nake da shi.

Ba zagi muke farauta ba, don babu mahaukacin da ke zagi a fili yanzu. Ishara muke nema: marubuci ya ambaci abu, mai karatu ya tuno wani abu daban. Muna da kundin irin waɗannan abubuwan, shafi ɗari biyu da goma, rabinsa da hannuna aka tara. Abu na farko a cikinsa shi ne maciji. Bari in gaya muku dalili.

Ina ɗan shekara ashirin da bakwai ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a. Tafiretar wancan lokacin ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba. In an buga shafi, ni nake bi da siririn alƙalami ina lanƙwasa wa kowane harafi kansa, k ta zama ƙ, d ta zama ɗ, b ta zama ɓ, sannan a kai wa masu inji su zuba dubbai. Ina da aboki da muke kira Mai Baiti, mutum mai dariya har da riƙe ciki, wanda muka yi shekara uku muna ɗaki ɗaya kafin ya yi aure. Aka sa shi ya rubuta waƙar yabo don buɗe sabuwar gada. Yabo ne zalla, babu ƙaya a ciki. Baitin ƙarshe yana roƙon tsawon rai ga uban ƙasa, kamar yadda ake kiran mai mulkinmu.

Ranar ina sauri. Akwai yarinyar da ta ce in na wuce ƙarfe biyar kada in zo. Na bi shafin da gudu, na tsallake harafi ɗaya. Washegari takarda dubu ashirin suka watsu a gari suna roƙon tsawon rai ga uban kasa. Kasa, macijiyar nan gajera mai kauri, da ke kwanciya shiru a hanya har sai an taka ta.

Gari ya yi dariyar kwana biyu. Aka wayi gari an zana macizai a jikin sabuwar gadar. A rana ta uku aka zo aka tafi da Mai Baiti, matarsa da cikin wata bakwai tana tsaye a ƙofa. Ni ma aka kira ni. Wani jami'i matashi mai tsabtataccen farce ya ajiye takardar a gabana ya ce, "A rubutun hannunsa, haka ka gan shi?"

Na ce, "Haka na gan shi."

Kalma huɗu. Jami'in ya yi murmushi, ya ce mai ido irin nawa bai kamata ya lalace a maɗaba'a ba. Shi ne Daraktanmu a yau. Yarinyar ƙarfe biyar kuwa ita ce matata.

Yanzu ga inda soyayyar ta shigo, don kada ku ce na yaudare ku.

Autarmu ta kammala karatun jinya, ta kawo wanda take so. Malamin makaranta ne, dogo, mai yawan sunkuyar da kai, rigarsa kullum a goge ko da wuyanta ya fara cinyewa. Wata bakwai da suka wuce ya zo gaishe ni, na tambaye shi ɗan gidan wane ne. Ya ce bai taɓa ganin mahaifinsa ba, an tafi da shi kafin a haife shi, saboda wata waƙa. Sai Auta ta faɗi wani abu daga bayan labule, ya yi dariya ya riƙe ciki. Kofin shayin da ke hannuna ya karkace, ya zube mini a cinya, ban ji zafinsa ba sai da ya tafi.

Tun daga ranar ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ranar Litinin ɗin nan Darakta ya shigo ɗakina da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsufa, amma farcen nan yana nan fes. Ya ajiye wani fayil mai kauri.

"Tsohon ido, ga wani na musamman. Labarin ƙirƙira ne, wai wani birni na nan gaba. Yaran nan na ƙasa sun karanta sun ce babu komai, har dariya suka sha."

"To ai shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Ni ban yi dariya ba." Ya ɗauki jan alƙalamina, ya gwada shi a bayan hannunsa, ya ajiye shi a kan fayil ɗin. "Alhamis kafin sha biyu. Af, na ji ana maganar auren 'yarka. Allah ya sa alheri."

Da ya fita na buɗe. Sunan malamin Auta ne a shafin farko.

Zan gaya muku gaskiya, a shekara talatin ban karanta abin da ya kai shi ba. Labarin wani birni ne da mai mulkinsa ya hana sa wa haruffa ƙugiya, wai harafi mai ƙugiya yana kamo abin da ba a aike shi ba. Ma'aikata suna bi gida gida da reza suna kankare su daga littattafai, daga allunan shaguna, har daga wasiƙun da matattu suka bari. Mutane suka daina bambance baki da baƙi, bari da ɓari, kafa da ƙafa. Wata uwa da aka kama ɗanta ta rubuta wa hukuma, ku dawo mini da ɗa. Ba ta da ikon sa ƙugiya, sai aka karanta, ku dawo mini da da, aka ɗaure ta da laifin begen zamanin da ya wuce. Nan ne yaran ofishinmu suka yi dariya. Ni nan ne na tashi na murza makullin ƙofa.

Babu maciji a littafin. Babu gada, babu waƙa, babu ko abu ɗaya da ke cikin kundinmu. Amma a babi na bakwai akwai wani tsohon ma'aikacin maɗaba'a da ke tara ƙugiyoyin da aka kankare a cikin kwalin ashana. Kowace ya san harafin da aka cire ta daga kansa, sai guda ɗaya, wadda ba a kankare ta daga ko'ina ba. Tasa ce. Tun farko bai sa ta ba.

Mutum uku ne a duniya za su gane wannan: matar Mai Baiti, da Darakta, da ni.

Ranar Laraba da rana wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro ta. Auta ce.

*Baba don Allah ka dawo da wuri. Gwaggo ta zo tun safe, ta ce ba ta tafiya sai ta ji bakinka.*

Yaran yanzu ba sa sa ƙugiya a waya, babu wanda ya hana su, ƙyuya ce kawai. Na tsaya ina kallon kalmar ƙarshe, ina tambayar kaina: bakina take nufi, ko kuwa wasu baƙi ne suka zo nemana? Har na fara hango motar da ba ta da lamba a ƙofar gidana a cikin zuciyata. Sai wani saƙon ya biyo baya.

*Kuma Malam zai zo. Baba kada ka sake cewa kanka na ciwo.*

Na tarar da yayata ta mamaye doguwar kujera, ta cire takalmi, ta yafa mayafinta mai ruwan toka a kafaɗa ɗaya kamar mai shirin dambe. Matata tana tsaye tana ninke wanki a kan tebur, tana bugun kowace riga fiye da yadda take buƙata. Ina jin motsin Auta a bayan ƙofar kicin.

"Ga sarkin shiru nan," in ji Yaya. "Zauna. Wata bakwai, ƙanena. Ko ciki ne ai ya kusa haihuwa."

"Yaya, ina bincike ne."

"Binciken me? Yaron nan ko kaza ya gani a hanya sai ya ba ta wuri. Ko so kake sai ka karanta shi shafi shafi ka ja masa layi?"

"Bar shi, Yaya," in ji matata, ba ta ɗago ba. "Ni ranar da ya zo wurina gudu ya yi har yana haki, da tawada a yatsunsa. Ashe saurin na kansa ne kawai. Baban Auta, yarinyar nan ta rame. Siket ɗin da na ɗinka mata bara yanzu sai da fil take ɗaura shi. In akwai abin da ka sani, ka faɗa. In babu, ka ji tsoron Allah."

Da tawada a yatsunsa. Shekara talatin da ɗaya tana ba da labarin nan tana dariya, ba ta san abin da na baro a baya ba.

Da malamin ya yi sallama na ce a bar mu mu biyu. Muka zauna a baranda, kusa da igiyar shanya. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya hau kujera, ya zauna a bakin-bakinta. Na kunna rediyo na ƙara murya, kamar yadda kowa ke yi in zai yi maganar da ta fi ƙarfin bango.

"Littafinka yana kan teburina."

"Na yi zaton haka, Baba."

"Ka janye shi. Gobe da sassafe ka rubuto cewa akwai gyara. Ko ka cire babi na bakwai."

"In na cire shi babu littafi."

"In ba ka cire shi ba babu kai! Ka san abin da ke ƙarƙashin benen nan? Yarinyar can da ke laɓe tana jinmu, so kake ta tsaya a ƙofa kamar yadda..." Na haɗiye sauran.

"Kamar yadda mahaifiyata ta tsaya," ya ƙarasa mini, a hankali. Ya dubi tafin hannunsa. "Baba, takardar da mahaifina ya rubuta da hannunsa tana nan. Mama ta ɓoye ta cikin matashin kai. Da ita na koyi karatu. Ƙugiyar tana nan a kan harafin, babba, har da ɗan ado."

Mai rediyo yana ta bayanin yanayin gobe. Malamin ya ci gaba.

"Mutane suna cewa jarumi ne, wai da gangan ya yi. Wasu har sumbatar hannuna suke so su yi a ɓoye. Ba jarumi ba ne, Baba, mutum ne da ya yabi gada. Wani da aka tsare tare da shi ya zo ya gaya wa Mama, kwana tara suna tambayarsa wa ya sa ƙugiyoyin shafin. Ya ce shi ya buga, shi ya duba, babu hannun kowa."

"Ya ce haka?"

"Har ƙarshe. Wai yana cewa, yaron yana da budurwa, ku bar shi." Ya yi ɗan murmushi. "Ban rubuta don a kama kowa ba. Mama ta tsufa, idonta ya fara tafiya. Ba ta taɓa neman komai ba sai abu ɗaya: wanda ya sani ya zo ya ce mata mijinta bai yi kuskure a rubutunsa ba. Ta ce shi mutum ne da ko wasiƙar cefane ya rubuta sai ya bi ta sau biyu. Na ce wataƙila in littafin ya fita, mutumin zai karanta."

Ban sani ba ko ya san da wa yake magana. Har yanzu ban sani ba. Idonsa bai nuna komai ba sai ladabi. Ya miƙe, ya sake durƙusawa, ya ce a gaida matata da Gwaggo, ya tafi. Ta tagar kicin na hango Auta ta dafe bakinta da gefen mayafi, tana kallona kamar ni ne likitan da ya fito daga ɗakin tiyata.

Yau Alhamis. Na isa ofis tun kafin masu shara su gama. A cikin aljihun tebur na ƙasa, ƙarƙashin takardar da aka shimfiɗa, akwai kwafi ɗaya na waƙar gada, wanda mallakarsa kaɗai ya isa a kai mutum ƙarƙashin bene. Shekara talatin da ɗaya ina ɓoye da shi a cikin Gidan Almakashi kansa, don nan ne kaɗai ba a bincike. Na ninke shi na sa a aljihun ƙirji.

Sannan na zauna da alƙaluma biyu a gabana. Kada ku ɗauka na yi jarumta. Sau uku ina ɗaukar jan. Na gaya wa kaina wataƙila gargaɗi kawai za su yi masa. Na gaya wa kaina Auta yarinya ce, za ta manta, za ta samu wani. Na tuna hawan jinina, da gwiwata da ba ta son sanyin siminti. Duk takun da na ji a matakala sai na ɗauka nawa ne ya zo. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na ɗauki koren.

Koren ya bushe don rashin aiki. Sai da na hura masa iska, na goga shi a bayan fayil, kafin ya yarda ya kawo. Na sa hannu, na buga hatimi, na kai wa magatakarda ya shigar, na tsaya har na ga ya ba littafin lamba, don in ya samu lamba ba a iya mayar da shi baya. Daga wannan lokacin, duk abin da ke cikin babi na bakwai nawa ne.

Na sauko ban ɗauki hulata ba. A ƙofa mai gadi ya ce, "Yallaɓai, yau da wuri?" Na ce kaina ke ciwo.

A cikin motar haya na rubuta wa Auta: *Ki gaya wa Gwaggonki ta sa rana. Na amince.* Kafin in mayar da wayar aljihu amsa ta shigo, haruffa a hargitse, da hotunan zuciya sun fi ashirin. *Baba!!! Allah ya kara maka lafiya, Allah ya bar mana kai.* Ba ta sa wa ƙara ƙugiya ba. Karo na farko ban damu ba.

Layin gidan Mai Baiti na san shi kamar tafin hannuna, domin shekara talatin da ɗaya ina zagaye shi. Ƙofar tana nan, shuɗin fentinta ya koɗe. Na yi sallama sau biyu kafin murya ta fito. Matarsa tana zaune a tsakar gida a kan 'yar kujera, tana tsefe wata tsohuwar rigar sanyi tana naɗe zaren. Gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta fari ne tas. Ta karkato kai tana neman ni da kunne.

"Wane ne?"

"Abokin maigidan ne. Na maɗaba'a."

Hannunta ya tsaya a kan zaren.

"Mai budurwa," ta ce. "Ka yi latti. Ko ita ma ƙarfe biyar ta ce?"

Ashe har wannan ya gaya mata. Na durƙusa a gabanta. A daidai lokacin wayata ta yi ƙugi. Na ciro ta don in kashe, idona ya faɗa kan saƙon. Darakta ne, kuma shi mutum ne da ba ya tsallake harafi.

*Tsohon ido, na ga korenka. Kada ka wahalar da ƙafarka, na aiko a ɗauko ka. Sun je gida ba ka nan. Sun san layin da za su duba.*

Na kife wayar a ƙasa. Daga bakin titi na ji mota ta rage gudu, ko kuwa kunnena ne, ban sani ba.

"Mijinki bai yi kuskure ba," na ce. "Ya sa ta. Na gan ta da idona. Ni ne ban sa ba, kuma da aka tambaye ni na yi ƙarya."

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye zaren a cinyarta, ta miƙo hannu. Na ciro takardar na buɗe ta a kan gwiwarta, ta yi ja don tsufa, ta kusa rabuwa a wurin ninkin.

"Ba na gani sosai," ta ce. "Kama yatsana ka nuna mini wurin."

Na kama yatsanta na ɗora a kan baitin ƙarshe, a ƙarƙashin harafin. A waje aka rufe ƙofar mota, ɗaya, sannan ta biyu. Na cire murfin koren alƙalamin da haƙorina, na dafe takardar, na lanƙwasa wa harafin kansa a hankali, har da ɗan ado, yadda shi ya yi.